Yadda Ake Shirya Kwaikwayon Tarihi a Gidan Tarihi Don Ajin Manya

'Yan firamare ba su da wuyar sha'ani a gidan tarihi. A jera su a layi, jagora ya yi ta zuba bayani, a ɗauki hoto a bakin ƙofa, kowa ya koma gida da murna. Manya kuwa ba a yi musu haka. Magidancin da ya rufe shagonsa ya zo, ko uwar 'ya'yan da ta bar wa kishiya girki, ba za su jure tsayuwa gaban gilashi ana karanta musu rubutu ba, balle da yawansu yanzu ne suke koyon haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, rubutun kuma galibi da Turanci aka yi shi. Amma mutanen nan sun san ciniki da bashi, sun san rabon gado da rikicin iyakar gona. Amfanin kwaikwayon tarihi shi ne ya buɗe wa wannan sanin ƙofa. A sa wani ya shiga tufafi da bakin mutumin wani zamani, ya kawo wa baƙi matsalar da ta dame shi, su kuma su auna ta da hankalinsu na manya.

A Turai da Amurka an daɗe ana yi. Gidan tarihin Skansen da Artur Hazelius ya buɗe a babban birnin Suwidin a 1891 ya tattaro tsofaffin gidajen ƙauye, ya zuba mutane a ciki suna sana'o'in da. A gidan tarihin Plimoth da ke Amurka, ma'aikata na magana kamar suna cikin shekarar 1627, in ka tambaye su mota sai su yi maka kallon mai taɓin hankali. Mu ma ba baƙin abin ba ne: tashen azumi da wasan gauta kwaikwayo ne, kuma tun shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello yake fita Samaru da ƙauyukan Zariya yana amfani da wasa wajen tattauna matsalolin manoma. Abin da ya rage shi ne a shigar da wannan gwanintar cikin gidan tarihi bisa tsari. Zan ɗauki Gidan Makama na Kano a matsayin misali, amma matakan za su yi aiki a gidan tarihin Kanta na Argungu, ko na Jos, ko na Boubou Hama da ke Yamai, inda dama akwai masu sana'ar hannu suna aiki a harabar.

Ku fara zuwa ajin kafin ajin ya zo muku

Kada ku rubuta ko layi ɗaya sai kun zauna da malamin ajin. A Kano, Hukumar Ilimin Manya da aka kafa a 1980 tana da azuzuwa a unguwanni, ga makarantun Islamiyya na matan aure, ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a. Ku tambayi malamin: su wane ne ɗaliban, wace sana'a suka fi yi, ina suka kai a karatu da lissafi, akwai masu karanta ajami? Ajin teloli da marina ba irin wasa ɗaya za a yi musu da ajin mata masu ƙuli-ƙuli ba.

A nan ne kuma za ku tsayar da lokaci. Mata sun fi samun sarari da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, maza kuwa sai bayan la'asar ko ranar da ba kasuwa. Idan ajin ya saba maza daban mata daban, ku bar shi yadda yake. Mutum ashirin zuwa ashirin da biyar sun isa zama ɗaya. In suka wuce haka, na baya za su koma 'yan kallo, masu kunya kuma su samu inda za su ɓuya.

Rana ɗaya, wuri ɗaya, matsala ɗaya

Babban kuskuren masu farawa shi ne haɗama. Sai a ce za a nuna tarihin Kano tun daga Barbushe da Bagauda har zuwan Turawa a cikin rabin sa'a. Abin da ke fitowa jerin gwanon riguna ne kawai, a yi tafi a watse. Ku yanko ɗan yanki: safiya guda a Kasuwar Kurmi a shekarar 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Na zaɓi wannan shekarar ne don a cikinta Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano ya rubuta abin da ya gani a kasuwar dalla-dalla, saboda haka akwai madogara.

Sannan a samo matsalar da ba ta da amsa guda. Ga wadda nake ba da shawara. Wata tsohuwar dillaliya ta fito da rinannun zannuwa na uwar ɗakinta da ke kulle. Wani Buzu daga Azbin ya taya da araha, amma kuɗi hannu. Wani falke kuma yana so a ba shi bashi da tsada, ya tafi da su Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, sai ya komo da goro bayan watanni ya biya. Wa za a sayar wa? Babu baligin da bai taɓa tsayawa a irin wannan mararrabar ba, shi ya sa ba sai an roƙi kowa ya yi magana ba.

In kuna son na kusa da zamaninmu, ku ɗauki kakar 1912, lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano. Turawa sun sa rai auduga za ta cika taragu, sai manoma suka karkata ga gyaɗa, fataken goro kuma suka zama masu saye wa kamfanoni. Manomi na tsaye a gonarsa yana lissafin hatsi, auduga ko gyaɗa, ga haraji na jiransa: wannan ma wasa ne cikakke.

Bincike, da raba abin da aka sani da abin da aka ƙaga

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi ne ake yawan tsallakewa. Ku nemi abin da matafiya suka rubuta, irin su Barth da Hugh Clapperton da ya riga shi zuwa a 1824. Ku nemi rubuce-rubucen Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi, duk a ƙasar Gana ta yau, a 1934, domin shi daga cikin fatauci ya yi magana, ba daga gefe ba. Don rayuwar mata akwai labarin da Baba ta Karo ta ba Mary Smith a 1949 zuwa 1950. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, duk wuraren nema ne. Bayan takarda sai baki: tsofaffin dillalan Kurmi, marinan Ƙofar Mata, mabugan Kura, da zuriyar Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari waɗanda kakanninsu suka yi safarar Gwanja. Ku je musu da goro da ladabi, ku nemi izini kafin ku naɗi murya.

Duk abin da kuka samo, ku zuba shi a gida uku a kan babbar takarda. Gida na farko na abin da ke da madogara ne. Misali, Barth ya ce wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa ɗaya a Kano, ya ga allurai da reza da takarda mai tambarin wata uku da takubba daga Turai a kasuwar, ya kuma ce tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Gida na biyu na abin da hankali ya yarda zai yiwu ne amma ba a rubuta ba, kamar irin gaisuwar da dillali zai yi wa Buzu. Na uku na abin da ku kuka ƙaga don wasa ya tafi: tsohuwar kanta, uwar ɗakinta, farashin da aka taya zannuwan. Wannan takardar ba ta ɓoyo ba ce. Za ku nuna wa baƙi ita a ƙarshe, kuma a ganina nan ne rabin karatun yake, domin mutum ya koyi tambayar "a ina aka samo wannan?" ya fi ya haddace sunayen sarakuna goma.

Wanda za a kwaikwaya da wanda ba za a taɓa ba

Ku tsaya kan talakawa: dillali, falke, marini, mai awo, wanzami, ɗan aiken fada. Annabawa da sahabbai ba ma a kawo zancen. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Muhammadu Bello da Nana Asma'u da manyan malamai ma kada kowa ya sa rawani ko lulluɓi ya ce shi ne su. Haka sarakunan da jikokinsu ke kan gado ko suke zaune a unguwa. In labari ya buƙaci sarki, a bar shi a bayan fage: ɗan aike ya shigo ya ce ga abin da aka yi shela, ko mai sayar da kanwa ya faɗi jita-jitar da ya ji. Wannan ma ya fi kusa da gaskiya, don mutumin Kurmi na 1851 ta bakin wasu yake jin fada.

Akwai batutuwan da har yau ba su huce ba. Yaƙin basasar Kano na Tukurawa da Yusufawa da ya ɓarke a 1893, da shigowar Turawa a watan Fabrairun 1903 lokacin da Sarki Alu ba ya gari, duk akwai gidajen da ke riƙe da nasu ɓangaren labarin. Ba na cewa kada a taɓa su har abada, amma ba da su ake koyon aikin ba. Kafin a je can, sai an zauna da masarauta da masana, an kuma yi wasanni masu sauƙi an ga yadda jama'a ke karɓa. Ko wasan Kurmin ma, ku kai wa shugaban gidan tarihin takardar bayani tun da wuri, tunda Gidan Makama na ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, ku kuma sanar da mai unguwa.

Gina mutanen wasa

Mutum uku ko huɗu sun isa, sai na biyar wanda ba ya cikin wasan, wato jagora. Ba lallai sai ƙwararrun 'yan fim ba. Sau da yawa ma su ne matsala, domin sun saba neman dariya da jan kyamara. Ma'aikacin gidan tarihi mai sakin fuska, ɗalibin tarihi, ko ainihin dillalin da ya yarda ya zo, sun fi dacewa. Abin nema shi ne mai iya saurare.

Kada a rubuta musu dogon zance su haddace. A ba kowa shafi guda: shekarunsa, unguwarsu, sana'ar ubansa, wa yake bi bashi, wa ke binsa, me yake tsoro, me ya sani, me kuma ba zai yiwu ya sani ba. Falke ya san madugu da jagaba da uban dawaki, ya san zango da kuɗin fito a bakin Kwara, ya san ƙwaryar goro ɗari ce, ya san yadda ake yayyafa wa huhu ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Bai san jirgin ƙasa ba, bai san Najeriya ba. Layukan buɗewa da na rufewa kaɗai za a tsayar, tsakiya a bar ta ga abin da baƙi suka kawo.

Harshe na bukatar tsefewa. Naira sai 1973 ta zo, sule da fam kuma da Turawa suka shigo, don haka kuɗi wuri ne, a ƙirga da hauya (ashirin) da zambar (dubu) da keso (dubu ashirin). Ba "ƙarfe goma" ba "minti biyar", sai hantsi da walaha da azahar. Amma kada a wuce gona da iri a cika zance da tsofaffin kalmomin da ba mai ganewa. Kalmomin ciniki irin su tayi da albarka da sallamawa da la'ada da gyara suna nan da ransu, su za su riƙe wasan.

A wajen gwaji, ku sa abokan aiki su zauna a matsayin baƙi masu taurin kai. Wani ya tambayi falke ko yana da waya, wani ya ce masa ƙarya yake yi, wani ya kawo siyasar yau. Ɗan wasa ya koyi amsawa daga cikin zamaninsa ba tare da ya wulaƙanta mai tambaya ba. In tambayar ta fi ƙarfinsa, kada ya ƙirƙiro amsa. Ya ce, "Wannan sai dai madugu, ni ban kai nan ba," jagora kuma ya rubuta ta don zaman ƙarshe.

Tufafi da kaya

Doka ta farko: ba a taɓa kayan tarihi na ainihi. Rigar da ke cikin gilashi tana nan inda take, a ɗinka mai kama da ita. Ku nemi saƙi na hannu a wajen masaƙa, a kai marina a turo shi a baba, a kai mabuga. Zai fi yadin kanti tsada, amma za a daɗe ana mora, kuɗin kuma ya shiga hannun masu sana'ar da ake ba da labarinsu. Ƙwarya, faifai, tabarmar kaba, buta ta ƙasa, taiki, igiyar rama, duk suna nan a kasuwa. Wuri kuma ana samu wajen 'yan koli, ku tanadi kamar dubu biyu.

Kafin a fito, mutum ɗaya ya bi kowa da kallo daga sama har ƙasa: agogo, tabarau, silifas na roba, zoben zamani, waya a aljihu, atamfa mai zanen kamfani. Manya na da ido. Dattijo ɗaya ya hango leda a ƙarƙashin tabarma, to shi ke nan, zancen leda za a yi har a tashi.

Wurin wasa kuwa, inuwa ake nema da inda murya za ta kai ba lasifika. Zaure ko tsakar gida ya fi dandamali, domin dandamali na raba mai wasa da mai kallo. A shimfiɗa tabarmi a zagaye, a ajiye kujeru ga masu ciwon gwiwa, a tanadi ruwan sha da wurin alwala.

Ranar wasa

Jagora ya tarbi baƙi da gaisuwa irin ta manya, ya zagaya da su ɗaki ɗaya ko biyu kawai, inda kayan da za su gani a wasan suke. A Gidan Makama yana iya tuna musu cewa ginin da suke ciki tun ƙarni na 15 yake, an yi shi ne don Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarauta a 1463, kuma a zamaninsa aka kafa kasuwar da za su shiga yanzu. Sai ya faɗa musu gaskiya ƙarara: waɗanda za ku gani ma'aikatanmu ne, za su yi magana kamar mutanen 1851, kuna da damar tambayarsu da musa musu, wanda kuma ba ya son magana ba dole. A sa wata alama ta shiga da fita, misali jagora ya buga ƙwarya sau uku. Ba a yi wa babba shigo-shigo ba zurfi. In ya ji kamar an mai da shi abin wasa, ba zai dawo ba, kuma zai hana wasu.

Wasan kansa kada ya wuce minti ashirin. A fara da aiki, ba da jawabi ba: dillali na shimfiɗa zannuwa, falke na duba huhun goro, Buzu na jujjuya zane a rana yana duba ƙyallin bugu. Bayan an yi tayi an ce albarka sau biyu, sai a kai ga mararraba.

Dillali ya ce, "Inna, kin ji dai. Buzu ya tsaya a keso biyu, kuɗi hannu. Shi kuwa wannan ya ce keso uku, amma sai ya komo daga Gwanja."

Tsohuwa ta ce, "Sai ya komo, ɗan nan? In 'yan fashi suka tare ayari fa, ko Kwara ta ci kayan, wa zan kama? Ni aiko ni aka yi." Sai ta juya ga baƙi: "Malam, kai da na ga alamar ka san kasuwa, in kai ne me za ka ce in faɗa wa uwar ɗakina? Ke fa, 'yar nan?"

Daga nan wasa ya koma hannun ajin. Wani zai ce a nemi shaidu, wani ya ce a rubuta takarda wajen malam, wata ta ce a raba kayan biyu, wani ya tambayi wa zai tsaya wa falke. 'Yan wasa su riƙa mayar da martani, falke ya ji haushi an ƙi yarda da shi, ya ambaci maigidansa da ya san shi. Kusan kullum za a sami mai tambayar ko ƙarin kuɗi saboda jinkiri ya halatta. Kada ɗan wasa ya yi fatawa. A ajiye ta, in ya yiwu a gayyato malami zaman tattaunawa.

Duk yadda aka yanke, a ƙare da biyan wani abu, ko da la'adar dillali ce, don a kai ga ƙirga. A zube wuri a tabarma, a kira mutum uku su ƙirga dubu, biyar-biyar, suna tara tsibi na ɗari biyu-biyu kamar yadda Barth ya ga ana yi a Tasawa, a ƙasar Nijar ta yau. Kafin su gama, kowa ya gane da jikinsa abin da ake nufi da keso, wato wuri 20,000, da dalilin da ya sa manyan 'yan kasuwa suka fi son bashi da musaya a kan dakon kuɗi. Gani ya kori ji.

Zaman bayan wasa

Jagora ya buga ƙwarya, 'yan wasa su cire rawani ko mayafi a gaban kowa, su faɗi sunayensu na gaskiya, su zauna cikin mutane. Wannan zaman ya kamata ya fi wasan tsawo, minti talatin zuwa arba'in. In lokaci ya ƙure, wasan za a rage, ba shi ba.

Kada a fara da "me kuka koya?", tambayar 'yan makaranta ce, manya shiru za su yi. A tambayi abin da ke da nama: wa ya taɓa ba da kaya bashi ga matafiyi, yaya aka ƙare? Me ya maye gurbin madugu a safarar yau? Me ya sa matar da ke da kayan ba ta fito da kanta ba, kuma yanzu yaya matan kulle suke sayar da nasu? Sannan a fito da takardar nan mai gida uku, a karanta da ƙarfi, a nuna abin da aka samo a rubuce da abin da aka ƙaga.

Za a sami dattijon da zai ce ba haka kakansa ya faɗa masa ba. Wannan riba ce. Kada jagora ya kare kansa, ya tambaye shi yadda ya ji, daga wa, a wace unguwa, ya rubuta a gabansa. Wani lokaci shi ke da gaskiya, wani lokaci labarin wani zamani ne ya haɗe da wani, ko yaya dai ajin ya ga yadda ake auna ruwaya biyu. Sai dai jagora ya iya karɓe magana cikin ladabi, don akwai mai riƙe zance har magariba. "Allah ya ƙara girma, Baba, bari mu ji ta bakin Hajiya" ta wadatar.

Maganar bayi

Duk wanda ya yi wasan Kurmi ta 1851 da gaskiya zai ci karo da ita, domin a kasuwar ana sayar da mutane, kuma Barth ya gani ya rubuta. Share zancen ƙarya ne. Amma nuna shi ma yana da haɗari. A watan Oktoban 1994, gidan tarihin Colonial Williamsburg a jihar Bajiniya ta Amurka ya kwaikwayi gwanjon bayi, ƙarƙashin jagorancin Christy Coleman, wadda ita kanta baƙar fata ce. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe suka zo wurin suna zanga-zanga, aka yi ta muhawara ko ilimi ne ko tozarci. Su ke nan da suka shirya sosai.

Shawarata a nan ita ce kada a ɗaure kowa da igiya, kada a yi tayin mutum, kada kuma a taɓa sa baƙo ya zama bawa ko mai bawa. A bar zancen ya shigo ta bakin mai 'yancin magana: marinin da ke biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don ya yi sana'ar kansa, yana tara kuɗin fansar kansa, ya faɗi nawa ya rage masa da abin da zai yi ranar da ya gama. A zaman tattaunawa jagora ya kawo sauran, har da cewa sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Ya kuma ja kunne tun farko cewa ba a nuna gidan kowa ko asalin kowa. A cikin ajin akwai jikokin kowane ɓangare, ko sun sani ko ba su sani ba.

Mayar da abin cikin aji

Kafin baƙi su tashi, a ba malaminsu shafi guda da zai yi aiki da shi mako biyu ko uku. A sa kalmomi goma daga wasan da manyan baƙaƙe, da boko da ajami: wuri, goro, zane, bashi, zango, dillali da makamantansu. A sa lissafi daga kasuwar: in dala ɗaya wuri 2,500 ce, keso ɗaya dala nawa ke nan? Takwas. Ƙwarya bakwai goro nawa? Waɗanda suka fara rubutu su rubuta takardar yarjejeniya tsakanin tsohuwa da falke, da sunayen shaidu, abin da gobe zai yi musu amfani a nasu cinikin. Kowa kuma ya tambayi wani tsoho a gidansu sana'ar kakansa, ya kawo wa aji.

Bayan kamar wata guda, ɗaya daga cikinku ya leƙa ajin. Kada a raba takardar tambayoyi ga mutanen da ke koyon karatu. A zauna a yi hira, a ji abin da ya zauna musu, abin da suka ba iyalansu labari, da abin da ya ɓata musu rai. Hoto da bidiyo kuwa sai da izinin kowa, musamman a zaman mata, kuma wadda ta ce a'a kada ta ga fuskarta a Facebook.

Wajen kasafi, abin da ke cin kuɗi shi ne tufafi a karon farko, sai motar ɗauko ɗalibai, ruwa, da ɗan abin hannu ga 'yan wasa da dattawan da suka ba da labari. Ku roƙi gidan tarihin ya sassauta kuɗin shiga ga ajin manya, ku nemi ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki nauyin mota. Rinannun kaya kada a wanke su da omo ko a shanya su a rana mai zafi, a kakkaɓe, a sha iska a inuwa, a naɗe a adaka da kanumfari ko ganyen darbejiya saboda asu. A tanadi littafi guda da za a riƙa rubuta duk tambayar da ta gagari 'yan wasa da duk gyaran da dattawa suka yi. Kafin ajin gaba ya zo, a zauna a bi littafin, a binciko amsoshin, a gyara shafin kowane ɗan wasa, a kuma matsar da abin da ya samu madogara daga gida na biyu zuwa na farko.